Awon Kafaɗa

Ranar da na dawo daga Funtuwa
yatsuna biyu na hagu sun mutu murus.
Na kasa ɓalle maɓallin rigata,
kofin shayi ya suɓuce mini a Kwangila.
Ƙafafu ba su kai ƙara ba,
wutar tana ci ne a gadon baya.

Kan kekena gado ne daga yayana Sambo,
mutum mai ƙirji kamar ƙofar zaure.
Shekara shida ina ware hannu a kan ƙarfensa
kamar mai shanya zane,
iskar kowace tirela ta sami masauki a hammatata,
ni kuwa ina zargin tsufa, ina zargin hanya.

Barau mai gyara, a bakin kasuwar Tudun Wada,
bai ko dubi keken ba.
Ya ce, "Juya mini."
Ya zaro zariyar wani tsohon wando,
ya ja ta daga ƙashin kafaɗa zuwa ɗan'uwansa,
ya ƙulla,
ya gwada a ƙarfen Sambo.
Rarar yatsa uku kowane gefe.
"Malam, rigar wani ka aro,
shi ya sa take cin ka a wuya."

Ya nuna mini abin da ke rataye a ƙusa.
Wani miƙaƙƙe kamar sandar makiyayi:
"Wannan na cefane ne, Sabon Gari ka dawo.
Riƙo ɗaya gare shi, kamar mai taurin kai."
Wani ya lanƙwaso baya, na masu garwar ruwa.
Na ukun ya naɗe kamar ƙahon ragon layya,
har na yi dariya.

Bai taya ni ba.
"Hannu ma baƙo ne," in ji shi,
"in ya daɗe a ɗaki ɗaya sai ya ƙosa.
Ga sama in kana hawa,
ga kan birki in ƙasa ta daidaita,
ga ƙasa in iska ta taso maka gaba da gaba,
ka sunkuya kamar mai noma, ka bar ta ta wuce.
Kada dai zurfin ya fi ƙarfin ƙugunka,
ba tsere za ka yi ba, tafiya."

Ya naɗe shi da tsinken tsohon tub,
ya ɗaga shi kaɗan saboda furfurata.

Asabar, bayan asuba,
Kufena yana baya yana ƙanƙancewa,
na wuce Shika, na wuce Giwa,
gwiwar hannu a sake, numfashi yana isa ciki.
Wajen wata gonar masara
na motsa ƙaramin yatsa, ya amsa: lafiya.

Barau ya taya tsohon ƙarfen, ɗari takwas.
Ban sayar ba.
Yana bangon ɗakina, hulata a ƙaho ɗaya.
Wani dare nakan kama shi da hannu biyu
in ji faɗin da Sambo ya yi a duniya.