Dundumi

Magariba ta yi a Domayo.
Na fifita garwashi, na jera tsinke,
hanta a dama, tsoka a hagu,
masu babur suna miƙo sefa ta cikin hayaƙi.

A gida kuwa Tasalla ta tashi ɗauko buta,
ta yi karo da turmi.
Uwarta ta ce sakarci ne.
Washegari ta taka kwanon tuwo,
har na ɗaga hannu.
Dare na uku ta tsaya tsakar gida,
tafukanta a gaba suna laluben iska:
"Baba, wa ya kashe wata?"

Wata kuwa na sama, kwana sha huɗu,
fes, kamar sabon faifai.

Da rana yarinya ce kamar kowa,
tana tsere a yashin Mayo Kaliyawo.
Rana na faɗuwa sai ta zama kaza,
ta nemi lungu ta takure.

Malamar asibiti ta ɗaga mata fatar ido,
ta tambaye ni me muka ci jiya.
Na ce tuwon masakwa, miyar kuka.
Shekaranjiya fa?
Na dubi ƙasa.
Ta yanke kan wata jar ƙwaya,
ta matse man a bakin Tasalla,
ta ce dundumi ne,
a ba ta ganye, a ba ta mangwaro,
in da hali, hanta.
Sannan ta ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

Ban amsa ba.
Rigata ce ta amsa,
da ƙauri da maiƙo.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.
Hantar ba tawa ba ce, ta Alhaji Bobbo ce,
bashi da hantsi, biya bayan isha'i,
ragowar ta tafi awo da kuɗin haya.
Shekara sha ɗaya ina gasa hasken ido
ina sayar wa 'ya'yan wasu.

Yanzu kafin wuta ta ja
ina ware tsinke biyu, ba yaji,
in naɗe a takarda, in tura ƙarƙashin tebur.
Wani ya ce, "Ba sauran hanta?"
In ce ta ƙare.
Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar,
ba ni da niyyar daina ta.

Daren jiya na shigo, ba fitila.
Ta fito daga ƙuryar ɗaki a guje,
ta kauce wa turmi,
ta cafki aljihuna.

Ko ido ne ya kawo ta, ko hanci,
ban tambaya ba.