Ɓaunar Ƙarfe

Daren jiya Orval Haugen ya narka darma a kicin,
ya auna albarushi da cokalin tagulla,
kwanso arba'in, duk da hannunsa ya cika.

Yau ga shi rub da ciki a ciyawar Montana,
bakin bindigar kakansa bisa sanduna biyu a gicciye.
Can, yadi dubu, ɓaunar ƙarfe
kamar ƙuda a jikin tudu.
Masu jini, su kakansa sun gama da su tuntuni.

Jikarsa Signe na duban ƙyallen da ke kan sanda.
Iska ta karkata hagu, ta nuna da yatsa.
Ya murɗa saiti kaɗan, ya riƙe numfashi.
Harsashi ɗaya tal, ba wa ba ƙani.

Ya ja kunama.
Farin hayaƙi ya haɗiye tudun,
warin farar wuta ya cika hanci.

Ɗaya. Biyu. Uku.
Darma na can tana tafiya.

Shekara goma ke nan kunnen Orval ya mutu,
ko ƙarfen ya amsa ba zai ji ba.
Shi ya sa ya bar tudun,
ya juyo yana kallon Signe,
yana jiran haƙoranta su fito.