Kada a Taɓa

Wata bakwai Leocadia na kan masaƙa a Teotitlán,
ƙafa na taka, ƙoshiya na kai da komo.
Jan da ta niƙa daga ƙwarin ƙyarana
ya kama mata farce, ya ƙi sabulu.

Ranar Laraba ta naɗe bargon kamar jariri,
ta hau bas zuwa Oaxaca.

Ɗakin baje koli fari fat, babu warin tumaki.
Wani saurayi mai safar hannu
ya buga ƙusa, ya gyara fitila sau uku,
ya manna 'yar takarda: Kada a taɓa.

Ta yi dariya a ciki.
Ulun da jikanta Nicanor ya sha barci a kai!

Da dare baƙi suka cika,
suna gaida bargon daga nesa
kamar surukai.

Sai wata tsohuwa da kwandon cefane
ta matso, ta zura hannu ta baya,
ta lalubo ƙullin inda zare ya tsinke
ranar da aka binne Eusebio.
Ta ɗago ido. Ba ta ce uffan ba.

Leocadia ta tsaya ta kare takardar,
ta riƙe mata kwandon.