Gugar Tuta a Jidda

Ƙarfe huɗu na asuba aka miƙo mini su,
tutoci biyu a leda ɗaya,
ja da fari da baƙi, da kore a gefe.
Na ce wa Fadalu, shugaban ɗakin wanki, an yi kuskure,
abu guda aka kawo sau biyu.
Ya ce, "Kai Takari, goge kawai.
Kowanne ya ce tasa ce."

Na yayyafa ruwa, na ɗora ƙarfe.
Tuta ba ta da gardama,
inda ka danna, nan take kwanciya.

Kakana ya bar Haɗeja da ƙafa za shi Makka,
damina ta tsare shi a Mai Wurno, ya yi gona a bakin Nilu,
bai ƙara gaba ba.
Ni na ƙarasa masa tafiyar,
ga ni a ƙasan otal, inda rana ba ta leƙowa,
ina kashe wa manya tamoji a riga.

A hawa na uku aka shirya zauren.
Tun baƙi ba su iso ba tebur ya zama magana:
in dogo ne, wa zai zauna a kai, wa zai zauna a wutsiya?
In zagayayye ne, gwiwa za ta taɓi gwiwa.
Kwana biyu kafintoci suna aune-aune
har aka samu tebur biyu da rata a tsakani,
daidai faɗin keken shayin Mizanu.
Shi ya sauko yana ba ni labari:
duka ɓangarorin cokali uku suke zuba sukari,
duka sun tambaya ko da citta a gahawar.

Ban taɓa shiga zauren ba.
Daga wuyan riguna nake karanta zaman.
Ranar da aka yi tsawa, gumi har kafaɗa.
Dattijon nan mai shiga tsakani,
wanda ya ƙetaro teku biyu da ƙwayar hawan jini a jaka,
na tsinci takarda a aljihunsa:
saba'in da biyu, an soke,
arba'in da takwas, an soke,
sai ashirin da huɗu da alamar tambaya.
Na busar da ita a kan bututu, na mayar masa inda take.

Daren Laraba waya ta yi ƙara.
Muryar Hansatu, tana yankewa tana dawowa:
"Yaya, rediyo ya ce an ba mu yini guda.
Mun je kogi mun ɗebo ruwa, babu wanda ya ruga.
Mun binne Idrisa da rana tsaka,
har liman ya tsaya ya gama addu'a.
Ba a samu alawayyo a kasuwa ba,
farin mayafin Inna muka tsaga.
In kana ganinsu, ka ce mun gode.
Ka ce kuma iri yana nan a buhu,
ruwa ya sauka sau uku."

A gabana akwai farin ƙyallen tebur,
yadi goma sha biyu, ko tabo babu.
Na daɗe da ƙarfe a hannu
har Fadalu ya ji ƙauri ya ɗaga kai.

Yini guda.
Ban raina ba, wanda ya sha ƙishi ba ya auna moɗa.
Amma gero ba ya nuna a yini guda.

Ran Asabar motoci suka yi layi a ƙofa.
An ɗage zama, wai sai kowa ya je ya tuntuɓi nasa.
Tutocin suka dawo mini a cukuikuye,
ɗaya da ɗigon gahawa a kan farin,
ban san ta wane ce ba.
Na wanke su a ruwa guda.

Fadalu ya ce in adana, za su dawo.
Na ninke su tare, na sa ƙwayar kafur a tsakani,
na wanke hannu sau biyu,
ƙanshin bai fita ba.