Mai Ajiyar Rigunan Sanyi

Shekara talatin da ɗaya ina ƙasan ginin nan,
mutum ya miƙo mini nauyin kafaɗarsa,
in miƙa masa lambar ƙarfe.
Sunana Genovaite.
Ƙugiya ɗari bakwai ce a bayana,
kowacce na san ta kamar haƙorin bakina.

Ran da aka aza harsashi ina 'yar makaranta,
kogin Nemunas ya daskare har doki na taka shi.
Aka ce gidan wasan kwaikwayo za a yi wa ma'aikata,
ba ginshiƙin sarauta, ba mala'ikan coci,
siminti da gilashi kawai,
fuska ɗaya ga dukan jamhuriyoyi.
Kakana ya tofar da yawu, ya ce akwatin gawa ne mai taga.

Rimgaudas ne ya zana shi.
Siriri, mai tari, yatsunsa duk tawada.
Sau tara takardunsa suka je Mosko,
sau tara suka dawo da jan alƙalami:
wannan lanƙwasar tana warin jiya,
wannan rufin zai tuna wa mutane ƙauye.
Ya ce to.
Kullum to yake cewa.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse,
shi siminti ya ɗora a wuta.

Katakon da aka zuba kwaɓin a ciki
daga dajin garinsu ya sa aka yanko.
Da aka ɓare, sai ga bango da jijiyar itace,
ido da ido, tabo da tabo.
Sa hannu ka shafa.
Dajin yana nan, ya dai daina motsi ne.

Silin kuwa, kusurwa bisa kusurwa,
layi ya hau, ya karye, ya dawo.
Kwamred Zubov ya ɗaga kai, ya ce mene ne wannan?
Don sauti ne, in ji Rimgaudas, kimiyya ce.
Aka buga hatimi.

Daren buɗewa aka kwaso mata daga gonakin gwamnati
a motar ɗaukar dankali.
Suka shiga da hayaniya, suka dubi sama,
sai tsit.
Wata tsohuwa ta fito, ta kasa gano lambarta,
ta riƙe hannuna, ta raɗa mini:
'yata, ɗamarar da uwata ke saƙawa ce,
wa ya rataye ta can?
Na ce ban gani ba, Iya.
Ta ce ni ma.

Akwai mai rigar toka da ke zama layi na uku.
Aljihunsa na hagu ya fi nauyi, littafi ne ciki.
Ban taɓa buɗewa ba.
Ƙugiyar bakin ƙofa nake ba shi, inda iska ke shigowa,
ya tafi gida da sanyi a ƙashinsa.
Iya yaƙina ke nan.

Wani dare Skirmantas ya yi shiru a kan dandali
bayan kalmar "ƙasa",
shirun ya zarce da numfashi biyu.
Zauren ya ji. Layi na uku ma ya ji.
Da hutun rabin wasa aka fita da shi ta baya.
Rigarsa tana lamba ɗari biyu da sha huɗu.
Ina kaɗe mata ƙura ran Litinin.

Yanzu tuta ta sake launi.
Jikokina na cewa a rushe shi, ginin 'yan mamaya ne,
otal ya fi.
Ban ce sun yi ƙarya ba.
Da kuɗinsu aka yi, da umarninsu.
Amma ruwa na yoyo ta silin,
yana bin zaren ɗamarar nan tiryan-tiryan,
ni kuma ina jera bokitai,
ina jin yadda kowane ɗigo
ke isa har kujerar ƙarshe.
Ashe da sautin ma bai yi musu ƙarya ba.