Kunnen Hagu na Orrin Vasko

A Cleveland aka haife shi, bayan masana'antar ƙarfe
inda inji ke tari tun asuba.
Uwarsa ta ce hayaniya ce.
Shi ya ce kiɗa ne da ba a ƙarasa ba.

Jitar farko, dala tara a shagon gwanjo.
Ya ɗaure tsirkiyoyinta a karkace,
ya cusa sukudireba ƙarƙashinsu
har ta yi kukan tsohon ƙyaure.

Daren farko mutum sha ɗaya suka zo.
Bakwai suka sulale.

Da rana fentin gidaje,
da dare rubutu a bayan takardar haya:
jita arba'in, sauti guda,
a riƙe shi har bango ya amsa.

Sai da furfura ta gama da shi aka ce gwani.
Lokacin kunnen hagu ya riga ya tafi,
ya bar masa siririn fito
da ba ya yankewa.

Ran da ya cika,
jitar na jingine da lasifika, a kunne,
tana gurnani ita kaɗai.
Maƙwabciya ta bugi bango sau uku
kamar kullum,
ta tsaya jira.