Inuwa, Sau Uku

Daren Lahadi, bayan isha'i,
na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Rafukka,
na tsamo kalma ɗaya kamar mai tsintar wake:
inuwa.
Ita zan raba wa aji uku gobe,
kowa gwargwadon haƙoransa.

'Yan aji ɗaya kunu ake dama musu.
Na rubuta a allo, manya-manya: Ga inuwa.
Kafin in juyo, wani ɗan firit a can baya
ya miƙe tsaye, ya ce, "Ga ni, Malama."
Ashe sunansa ke nan.
Aji ya kece da dariya, ban hana ba.
Na kwashe su waje, na tsayar da shi a rana,
na nuna abin da ya kwanta daga ƙafarsa.
Wannan Inuwa, waccan inuwar Inuwa.
Har aka kaɗa ƙararrawa suna tattake ta juna.

Aji uku sun fara tauna.
Na ba su: Akuya ta kwanta a inuwar bedi.
Barira ta ɗaga hannu. Akuyar wa?
Na ce ta allo ce, ba ta da mai ita.
Ta ce ita ba ta taɓa ganin irinta ba.
Ta duƙa, ta rubuta:
Akuyar Gwaggo Dije ta ci littafin wana
ta je ta kwanta a inuwar bedi ko kunya babu.
Jimla ta zarce layi, ta gangara gefen takarda.
Na ba ta maki, na bi ta bashin waƙafi biyu.

Aji shida na miƙa wa ƙashi.
Babba inuwa ne ga na ƙasa da shi.
Na ce babu itace a nan, babu rana,
ku nemo inda kalmar ta ɓuya, ku yi taku.
Wasu suka kwafe tawa, suka canza mata riga.
Tasi'u, da ba a jin bakinsa sai a kiran suna,
ya kawo nasa littafin a kife.
Tun da Baba ya tafi Agadas
Inna ce inuwarmu amma ita a rana take

Bai sa aya ba.
Na ɗaga jan biro, hannuna ya tsaya.
Na mayar masa da murfi.

Da azahar na biyo ta Ƙofar Marusa,
tawa inuwar ta naɗe ƙarƙashin takalmi.
Ga wata mata gaban kaskon awara,
hayaƙi a ido, ko rumfar buhu babu.
Ban san ko ita ce ba.
Na sayi ta ɗari biyu, alhali na ci abinci.

Yau Lahadi ta sake zagayowa.
Ga tabarma, ga littafi,
har fitila ta fara lumshewa ban zaɓi kalma ba.